An karɓe min WhatsApp: ta wayifai ɗin shagona aka shigo?

Tambaya: Ina da shago a wani ƙauye kusa da Gumel. Ina POS da cajin waya, ina kuma da kwamfuta biyu da nake yi wa ɗalibai rajista da buga takardu. Makon jiya wani ya kira ni ya ce daga ƙungiyar masu POS yake, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambar da aka turo min. Na karanta masa. Kafin la'asar WhatsApp ɗina ya bar hannuna, ana ta roƙon kuɗi da sunana. Ga data ba ta daɗewa a maifai ɗina, wato ƙaramar na'urar da ke ba ni wayifai, ga fayilolin da ke filashi sun ƙi buɗuwa. Shin mutum ɗaya ne ya shigo min ta wayifai? Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, ina jajanta maka. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. Na san abin da ya fi ci maka rai shi ne sunanka da aka ɗauka ana bara da shi, a garin da kowa ya san kowa. Na daɗe ina haɗa kwamfutoci da jan waya a makarantu da shaguna tsakanin Kano da Jigawa, kuma irin kiran nan da aka yi maka na ji labarinsa a bakin malaman makaranta, da dillalan riɗi, har da ma'aikatan asibiti. Masu yin sa sana'arsu ke nan, sun ƙware a iya baki, don haka kada ka zauna kana zargin kanka.

Ba mutum ɗaya ba ne, kuma wanda ya karɓe maka WhatsApp bai bi ta wayifai ɗinka ba. Matsala uku ce ta haɗu maka a lokaci guda, kowace da ƙofar da ta shigo. Sai ka san yadda saƙo yake tafiya kafin ka gane dalili, don haka bari in fara daga nan.

Idan ka danna aikawa, saƙon yana fita daga kwamfuta ko waya zuwa maifai ɗin da ke kan teburinka. Maifai ya miƙa shi ga ƙarfen sabis mafi kusa, daga can ya bi wayar gilashi da aka binne a gefen titi, ya nufi manyan cibiyoyin kamfanin, sau da yawa har Legas, inda igiyoyin ƙarƙashin teku suke fitowa tudu. Idan kana iya tunawa, ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, intanet ta yi nauyi a Najeriya har wasu bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Igiyoyi huɗu ne suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Abin ya faru a cikin teku, amma mai POS a ƙauyen Jigawa ya ji a jikinsa.

Saƙon ba ya tafiya dunƙule. Ana yayyanka shi ƙanana, kowane yanki da adireshin inda ya fito da inda za shi, kamar yadda za ka raba buhunan riɗi a motoci daban-daban zuwa Dawanau, kowane buhu da sunan mai shi, a can a haɗa lissafi. Wannan adireshin shi ake kira IP. A cikin shagonka maifai ne yake raba wa kowace na'ura nata, shi ya sa za ka ga lambobi masu farawa da 192.168. Sunayen shafuka kuwa, irin wanda kake rubutawa idan za ka shiga shafin JAMB, akwai wani tsari mai suna DNS da yake mayar da suna zuwa lamba, kamar ɗan kamasho a tasha da za ka gaya wa sunan gari ya nuna maka mota.

To, wanda ya samu kalmar sirrin wayifai ɗinka ya shigo tsakar gidanka ne. Zai sha maka data, zai iya ganin na'urorin da ke haɗe, idan ya ƙware yana iya laluben kwamfutar da aka bari a buɗe. Amma saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya tun daga wayarka har wayar wanda ka aika wa, tsarin da kamfanin ya kammala sawa tun 2016. Kuma mallakar asusun ba ta rataya a kan wayifai ba. Tana rataye ne a kan lambar wayarka da lambobi shida da ake turowa ta tes. Mutumin nan ya sa lambarka a tasa wayar, WhatsApp ya turo maka lambobin don ya tabbatar kai ne, shi kuma ya kira ka ya karɓa da baki. Yana iya kasancewa a kowane gari. Babu abin da ya fasa, mabuɗi aka miƙa masa.

Yanzu ga yadda za ka karɓo kayanka, kuma yau nake so ka yi, kada ka bari sai gobe. Ka tabbatar layin yana cikin wayarka kuma yana karɓar tes. Ka buɗe WhatsApp, ka sa lambarka, ka nemi a turo sababbin lambobi shida. Da zarar ka shigar da su, an fitar da shi daga tasa wayar, domin asusun ba ya zama a kan manyan wayoyi biyu da rajista ɗaya. Inda ake samun cikas shi ne idan ya riga ya sa nasa fin na mataki na biyu, wato ƙarin lambar sirri da WhatsApp ke tambaya bayan lambobin tes. Idan aka tambaye ka wani fin da ba kai ka sa ba, sai ka jira kwana bakwai kafin a bar ka ka shiga. Kwana bakwan nan suna da ciwo, amma shi ma yana waje tun lokacin da ka shigar da lambobin tes, ba zai ci gaba da bara da sunanka ba. Idan tes ya ƙi zuwa, akwai zaɓin a kira ka a karanto maka. Kafin ka zaɓi wannan, ka danna ##002# ka kira. Wannan yana soke duk wata karkatar da kira da aka sa a layinka, domin wasunsu suna sa mutum ya danna wata lamba mai taurari wadda take tura kiransa zuwa wayarsu, shi bai sani ba.

Kada ka jira sai asusun ya dawo kafin ka sanar da jama'a. Ka kira 'yan uwa da abokan ciniki na kusa, ka roƙi masu kula da zaurukan da kake ciki su cire lambarka na ɗan lokaci, su kuma rubuta sanarwa. Idan da hali a faɗa a masallaci bayan sallar magariba, a ƙauye wannan ya fi kowace sanarwa saurin isa. Tsofaffin hirarrakinka ba su bi shi ba, suna cikin wayarka. Abin da ya samu shi ne zaurukan da lambobin mutanen da ke ciki, kuma da su zai nemi na gaba: zai kira wani ya ce kai ne ka ba da sunansa. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana lambar asusun da ya tura wa da shaidar turawar, zan zo kan amfaninsu.

Ranar da ka shiga, kafin ka amsa gaisuwar kowa, ka je saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa fin ɗinka mai lamba shida da imel ɗin da kai kaɗai ke buɗewa. Sannan ka duba wurin da ake nuna na'urorin da aka haɗa da asusun, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba. Da wannan fin ɗin yana nan tun farko, da ko ka karanta masa lambobin tes ba zai wuce ba. Idan kuma irin WhatsApp ɗin nan na bayan fage kake amfani da shi, wanda ake turawa ta Xender saboda yana ɓoye an karanta saƙo, ka goge shi ka sauke na ainihi daga Play Store. Ba ka san wanda ya taɓa cikinsa ba, kuma kamfanin yana rufe asusun masu amfani da shi.

A nan nake so in daɗe, domin abin da ya same ka ƙarami ne a kan abin da zai iya samun mai POS. Layin wayarka shi ne mabuɗin komai naka. Da shi aka buɗe asusun banki, da shi aka haɗa BVN da NIN, ta kansa ake turo lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake amfani da ita sau ɗaya, ta kansa ake dawo da Facebook da Gmail idan an manta kalmar sirri. BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, lamba 11 ce, kuma duk wanda ke riƙe da layin da aka yi rajistarta da shi yana iya ganinta ta hanyar danna *565*0#. Ka ga ke nan ɓarawon da ya zare maka waya a cunkoson kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba lallai wayar ce ta dame shi ba. Ko ka kulle fuskar wayar da zanen yatsa, zai zare sim ɗin ya sa a ƙaramar waya, ya fara gwada lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya.

Maganin wannan kyauta ne, kuma mutane ƙalilan ne suke yi: ka sa wa sim ɗin kansa fin. Yana cikin saitunan tsaro na kowace waya, har ƙananan masu madannai. Idan ka kunna, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mayar da sim ɗin wata waya, sai an sa fin kafin ya kama sabis. Amma ka yi hattara wajen sawa. Za a fara tambayarka fin ɗin da layin ya zo da shi, kuma idan ka yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar PUK, wadda take jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Ita ma idan aka yi kuskurenta sau goma layin ya mutu. Saboda haka kada ka yi ta cinke, ka nemo katin ko ka tambayi kamfanin layinka tukuna.

Akwai kuma satar layi ba tare da an taɓa wayarka ba, wato wani ya je ya yi welkam bak da lambarka. Alamarta ita ce sabis ya ɗauke a wayarka kai kaɗai, na kusa da kai masu layi irin naka suna da shi. A ƙauye mun saba da ɗaukewar sabis, shi ya sa mutum yake kwana biyu bai damu ba. Kai dai idan ka ga haka, ka ari waya ka kira lambarka. Idan ta shiga alhali taka ba ta yi ƙara ba, ka bar abin da kake yi ka rufe asusun banki. Kusan kowane banki yana da lambar da ake dannawa daga kowace waya a dakatar da asusu, ba sai an je reshe ba. Ka nemi ta bankinka tun yanzu, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida da shago, domin daga ƙauyenku zuwa reshe tafiya ce, kuma kuɗin da aka sata ba ya kwana a asusun farko. Cikin mintuna ake rarraba shi.

Shi ya sa awa ta farko take da tsada. Idan an riga an cire kuɗi, bayan rufe asusun ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka, ka ba su lokaci da adadi da lambar asusun da aka tura wa, ka ce su nemi bankin can ya riƙe kuɗin. Ka karɓi lambar shaidar ƙorafinka. Kada ka nemi lambar banki a Facebook ko ka rubuta kukanka a ƙarƙashin shafinsu, domin akwai masu zaman jiran irin wannan, su biyo ka ta akwatin saƙo da tambarin bankin su ce za su taimaka, su ƙarasa abin da ya rage. Idan bankin ya yi shiru bayan mako biyu, kana da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ƙorafin da ya shafi kamfanin layi kuma, idan sun ƙi saurarenka, hukumar sadarwa ta NCC tana da layin kyauta, 622. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, ko da ba ka sa ran za a kamo kowa, saboda idan wani ya zo gobe ya ce kai ka karɓi kuɗinsa, takardar ce za ta tsaya maka. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta damfara ta kwamfuta da yin sojan gona da sunan wani, kuma EFCC da cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet da ke Abuja suna karɓar irin waɗannan ƙararraki. Gaskiya ba kullum kuɗi ke dawowa ba. Amma waɗanda na ga sun samu wani abu, waɗanda suka yi sauri ne kuma suka riƙe shaida.

Ka riƙe wannan ka kuma koya wa masu zuwa shagonka: banki ba ya kira ya tambayi fin, ko OTP, ko lambobin da ke jikin kati. Mai kiran yana iya faɗa maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba shaida ba ce, irin bayanan nan suna yawo. Dabararsu kullum biyu ce, ko tsoro ko kwaɗayi. Ko a ce za a rufe asusunka yau idan ba ka sabunta ba, ko a ce sunanka ya fito a tallafi. Kuma koyaushe akwai gaggawa a ciki, ba a so ka samu lokacin tambayar wani. Haka hanyoyin shafuka da ake yaɗawa a zauruka, na rabon taki ko data kyauta ko ɗaukar aiki, waɗanda ake cewa sai ka tura wa mutum goma. Ka dubi sunan shafin da kyau, harafi bayan harafi. Shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi kuwa tana nufin hanyar a kulle take tsakaninka da shafin, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Ɗan damfara ma yana iya samunta kyauta.

Sai maganar data. Akwai wata makarantar sakandare da aka kira ni, shugabanta yana kukan data ta wata guda ba ta kai kwana goma. Na zauna a ɗakin kwamfuta, na buɗe shafin rautar, wato na'urar da ke raba musu wayifai, sai ga jerin wayoyi ya cika fuska, mafi yawansu ba na malamai ba. Da na leƙa ta taga bayan an tashi, ga samari zaune a gindin darbejiya jikin katanga, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Malami ɗaya ne ya ba ƙanensa kalmar sirrin, kuma wayoyin Android na yanzu suna iya nuna ta a matsayin hoton da wani zai ɗauka ya shiga nan take. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shafin sarrafa rautar da kansa, sunan shiga admin, kalmar sirri admin, yadda ya fito daga kwali.

Ka duba naka. Ka juya maifai ɗin, ko ka cire murfin batir, za ka ga adireshin shafinsa, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka rubuta shi a burauza kana haɗe da wayifai ɗin. Kalmar sirri biyu ce a wurin, kuma mutane suna rikita su: ta shiga wayifai, da ta shiga shafin sarrafawa. Ka sauya duka biyun, kada su zama iri ɗaya. Ta biyun ta fi haɗari, domin mai ita yana iya sauya DNS ɗin da na yi maka bayani, ka rubuta sunan shafin gaskiya a kai ka na bogi. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci a duniya ta hanyar gwada irin kalmomin nan na kwali kawai, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. A wajen nau'in tsaro ka zaɓi WPA2, ko WPA3 idan akwai, kada ka bar shi a buɗe ko a kan WEP, wanda aka daɗe da karya shi. Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da wayifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Idan kana sayar wa mutane wayifai ko kana ba abokai, ka ga ko na'urarka tana da sashen baƙi, ka sa su can, na'urorin sana'arka su zauna daban.

Sai dai kada ka ɗora wa samarin unguwa laifin duka kafin ka bincika. Windows da kanta tana jan data mai yawa wajen sabunta kanta, haka wayoyin da ke sauke bidiyon zauruka ba tare da an tambaye su ba. A saitunan wayifai na kwamfutar akwai inda za ka nuna mata cewa datar nan a ƙidaye take, sai ta rage ja. Amma ka ware rana, ko da sau ɗaya a wata, ka bar ta ta sabunta.

Kalmar sirri kuma, tsawo ya fi rikitarwa amfani. Lambar wayarka, ko shekarar haihuwa, ko sunan ɗanka da 123 a ƙarshe, su ake fara gwadawa. Ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, irin su rijiya da tsamiya da kwano da sirdi, ka sa lamba a tsakani, kuma kowane asusu da tasa. Rubutawa a littafi a kulle a akwati a gida ba laifi ba ne, ya fi a maimaita guda ɗaya ko'ina. Sannan ka tambayi kanka wa ya buɗe maka Gmail ɗin da ke wayarka. Da yawa a wajenmu yaron da ya saita wayar ranar da aka saye ta ne ya buɗe, shi ya zaɓi kalmar, wani lokaci ma lambarsa ce a wurin dawo da asusu. Ka shiga ka sauya, ka sa lambarka.

Filashinka kuwa, ina kyautata zaton fayilolin suna nan. Cutar da ta fi yawo a shagunan buga takardu tana ɓoye fayilolin gaskiya ne, ta ajiye gumaka, wato ƙananan hotunan da ake dannawa, masu ƙaramar kibiya a madadinsu da sunaye iri ɗaya. Duk wanda ya danna gunkin ya kunna cutar, ita kuma ta zauna a kwamfutar tana jiran filashi na gaba. Haka take tafiya daga shagon mai tura fim zuwa naka, daga naka zuwa ofishin makaranta. Kada ka danna su, kada kuma ka yi gaggawar wanke filashin, wato goge duk abin da ke cikinsa. Ka fara sabunta Microsoft Defender da ke cikin Windows, ka sa ya bincike kwamfutar gaba ɗaya da filashin. Bayan nan ka buɗe baƙin allon umarni na cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sauya E da harafin da filashinka ya ɗauka. Fayilolin za su bayyana, ka kwashe su, sannan ka wanke filashin. Idan ba a tsabtace kwamfutar ba, gobe abin zai dawo.

Akwai wadda ta fi wannan muni, mai kulle fayiloli da gaske ta rubuto a biya kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta shiga ƙasashe sama da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina faɗin haka ne domin na san irin kwamfutocin da ke shagunanmu: Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Idan wata rana ka ga sunayen fayilolinka sun sauya ga saƙon neman kuɗi, ka cire kwamfutar daga wayifai nan take, ka zare duk filashin da ke jiki, kada ta kai ga ɗayar. Ka ɗauki hoton saƙon da waya. Kada ka biya, babu tabbacin za su buɗe. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Abin da ke ceto da gaske dai shi ne kwafin da ka ajiye a wani faifai da ba ya kwana a jikin kwamfutar.

Tunda kwamfuta biyu gare ka, ka raba musu aiki. Ɗaya ta karɓi filashin jama'a da buga takardu. Ɗayar ta zama ta rajista da duk abin da ya shafi kuɗi, kada filashin kowa ya shige ta, kada a sa mata manhajar sata, kada yara su yi kallo a kanta. Ita ce za ka fi ƙoƙarin ta samu Windows mai karɓar gyara.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya wuce shi ba, saboda amanar mutane tana hannunka. Na taɓa tsayawa a wata rumfar POS ranar kasuwar Wudil, wani dattijo ya zo da kuɗin awakinsa a kati. Ya ciro katin daga cikin leda, ga fin a rubuce da biro a jikin takardar da ya naɗe shi, ya miƙa wa yaron duka biyun, ya kuma faɗi lambar da ƙarfi don kada a yi kuskure. Mutum biyar ne a tsaye a wurin. Kai ne za ka gyara wannan a shagonka. Ka juya masa na'urar ya danna da hannunsa, idan bai iya ba ka nuna masa sau biyu sau uku har ya iya, ko ya zo da ɗansa da ya yarda da shi. Takardun NIN da hotuna da sakamakon jarrabawa da ɗalibai suke bari a kwamfutarka, ka goge su idan aiki ya ƙare, kada ka tara. Imel da kalmar sirrin da ka buɗe wa ɗalibi, ka rubuta masa ya tafi da su, ka ce ya sauya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma ko babu doka, ranar da aka yi ɓarna da takardar wani, shagonka za a fara nunawa.

Alat kuma, kada ka ba da kuɗi don an nuna maka fuskar waya ko don tes ya shigo da sunan banki, dukansu ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajarka ko na'urarka ka ga kuɗin ya hau kan abin da ke ciki. Idan sabis ya yi nauyi, mai sauri ya jira ko ya bar lambarsa ya dawo. Yaron da ke tsare maka shago idan ka tafi gona, ka zaunar da shi ka gaya masa wannan da maganar lambobin tes, domin kiran na gaba wataƙila shi zai ɗauka.